'Ya'yanmu a New Bell sun san garin magani, ba su san itacensa ba

Kowane gidan Bahaushe a New Bell yana da ɗan kantin maganinsa. In uwar gida ta jawo tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, za ka ga ƙulle-ƙulle a leda da tsumma: garin sabara, ɓawon maɗaci, 'ya'yan bagaruwa, saiwar sanya, ganyen filasko, ƙaron hano. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da ya tsiro a Duwala. Daga Garwa da Marwa da Gaundare ake kawo su, wasu ma tun daga Kano ko Maraɗi, cikin buhuna, a jirgin ƙasa ko a saman manyan motocin da ke sauko mana da albasa da wake. Yaron da aka haifa a nan yana shan su tun yana goye, amma in ka tsayar da shi a gindin maɗaci ba zai gane shi ba. Tsirran kurmin da yake takawa kullum a hanyar makaranta kuwa, su ma bai san sunansu ba, ko da Hausa ko da yaren maƙwabtansa. Mun tashi tsara guda da ba ta san itacen arewa ba, ba ta kuma san na kudu ba. A ganina wannan asara ce babba, kuma maganinta yana hannunmu: mu zauna mu rubuta abin da dattawanmu suka sani tun suna raye.

Ni malamin firamare ne, kuma a aji na fara lura da abin. In na ce yara su lissafo itatuwan da suka sani, amsar ba ta wuce mangwaro, gwanda, kwakwa, ayaba da fiya. In na ce kuka fa? Sai su ce ai wannan garin miya ne. Akwai yarinyar da ta ɗauka a masana'anta ake yin sa, kamar dunƙulen magi. Da na nuna musu hoton kuka a waya, da kaurin gindinta da 'ya'yanta suna reto, sai ajin ya yi tsit, wani ya ce, “Malam, wannan a Kamaru take?” Na ce a Kamaru take, daga Garwa ka nufi arewa ba ka daina ganinta, kuma wataƙila a ƙarƙashin irinta aka raɗa wa kakanka suna.

Ba laifin yara ba ne. Hausawa sun haura shekara ɗari a Duwala. Fatauci ne ya kawo kakanninmu tun zamanin Jamus, kuma unguwar New Bell kanta ta samo asali ne daga lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri suka tura su baya, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi daga ko'ina, mu ma muna ciki. Ƙasar da muka sauka a kai ba irin wadda muka baro ba ce. Ruwan da ke zuba a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, na Marwa kuwa bai kai 1,000 ba. Sabara da aduwa da magarya itatuwan rana ne da busasshiyar ƙasa, ba su son wannan laima. Ga cunkoso: gida jikin gida, lungu da ƙyar mashin ke wucewa, tsakar gidan ma an shafe ta da siminti saboda taɓo. To ina yaro zai ga itace?

Abu na farko da muke rasawa shi ne harshen kansa. Hausa cike take da itatuwa, in ka cire su sai magana ta zama ƙwarya ba fura. Ka ce wa yaron New Bell “ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa”, zai ɗauka jariri ne mai rigima, don bai taɓa ganin yara suna jifan kuka don su kaɗo 'ya'yanta ba. Ka ce “ba a fafe gora ranar tafiya”, shi gorar roba ya sani, bai san duma ba, balle fafewa. Ka ce an yi wa Sardauna kirari da gamji, zai tambaye ka mene ne gamji. Garin Kukawa na Barno daga kuka ya samo suna, ga Unguwar Rimi, ga Kurna a Kano. Mu da muke tsiraru a nan, muna fama da Faransanci a makaranta da Pijin a kasuwa, duk kalmar da ta faɗi ba ta da mai tsince ta. Sunayen tsirrai kuwa su ne suke fara faɗuwa, saboda ba a kiran abin da ido ba ya gani.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, don ya shafi rai. Kakarmu a ƙauye ita ke zuwa ta sassaƙo ɓawon da hannunta, ta san itacen, ta san gefen da ake sassaƙa, ta san yawan da ake jiƙawa. Mu a nan gari muke saye a leda. Gari kuwa duk kamarsa ɗaya: ja-ja ne, ko ruwan ƙasa, ko kore. Wa zai iya rantsewa cewa abin da aka auna masa da sunan marke, marke ne? Sannan garin da aka daka a busasshiyar iskar arewa, in ya yi wata biyu a ɗakin New Bell cikin damina, funfuna ke kama shi, kuma wasu nau'in funfuna suna fitar da gubar da ke cin hanta. Mutum ya sha don ya warke, ya ƙaro wa kansa wata cutar bai sani ba.

Har sunan ma yana yaudara. Ɗauki kinkeliba. A Nijar da Mali da Senegal, kinkeliba ganyen geza ne, ana dafa shi kamar shayi, mutane da yawa da shi suke buɗe baki da azumi. A kasuwannin Duwala da Yawunde kuwa, in ka ce a ba ka kinkeliba, galibi ɗan wani itacen kurmi za a miƙo maka, mai ɗacin gaske, wanda Beti ke kira ebam, ana jiƙa shi don zazzaɓi. Suna ɗaya, itace biyu, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Wanda aka aiko wa saƙon murya daga Yamai cewa ya sha kofi uku na kinkeliba a rana, in ya sayi ta Duwala ya bi wannan awo, ai ya shiga uku. A wani gefen kuma, abu ɗaya ne muke ba suna biyu ba mu sani ba. Ndole, miyar da Duwala ke alfahari da ita, ganyenta shuwaka ce da danginta. Folere yakuwa ce, wadda ake yin zoɓo da furenta. Masep ɗin da matan kasuwa ke sayarwa a ƙulle dangin ɗaɗɗoya ne. Na san gidajen da ake jiran a aiko musu busasshiyar shuwaka daga arewa, alhali ɗanyarta tana jibge a Kasuwar Santaral, tafiyar minti goma da ƙafa.

Akwai kuma waɗanda ya kamata kowane yaro ya sani don ya guje su. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu suna kama da abin ci a idon yaro, kuma guba ne. Zaƙami ba a banza ake kiransa haukata-yaro ba. Nonon tumfafiya in ya shiga ido sai an yi da gaske. Ita kanta sanya, da ake yi wa kirari da uwar magunguna, saiwarta in ta yi yawa kisa take yi. Ɓawon yohimbe, itacen kurmin nan namu da ake sa wa a maganin maza, yana tayar da hawan jini. Dattawa sun san wannan duka. Mu mun gaji shan maganin, ba mu gaji gargaɗin da ke tafiya tare da shi ba.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da tsirran kurmi, ba namu ba ne? Wannan magana ba ta san tarihinmu ba. Leƙa cikin yajin da ake daka wa mai jego: kimba, masoro, citta, gyaɗar miya. Kimba da masoro da gyaɗar miya duk 'ya'yan kurmi ne, ba su fitowa a Katsina ko Damagaram. Gyaɗar miya ita ce pebe ɗin da Bamileke da Basa ke zubawa a miyarsu. Goro da muke ɗaura aure da shi, mu raɗa suna da shi, itacen kurmi ne, kuma neman sa ne ya kai fatake Gwanja, ya kawo wasunsu tsaunukan Banso da Bamenda. Namijin goro ma haka. Kakanninmu sun shiga ƙasar da ba tasu ba, suka tambaya, suka ɗanɗana, suka raɗa wa abin suna da Hausa, suka kai shi gida har ya zama namu. Mu jikokinsu ne muka daina tambaya. Muna wuce matan da ke baje ɓawon ekuk da mfol mai launin rawaya da esok, muna sayen njansang da okok a wurinsu, amma ba mu taɓa tsugunawa mu ce, “Mama, wannan mene ne aikinsa, kuma wa bai kamata ya sha ba?” Zaman shekara ɗari da mutane, a ce ba ka san abin da suke jiƙa wa ɗansu in ya yi zazzaɓi ba, ai akwai gyara a zaman.

Matsalar ba mu kaɗai ta dama ba, kuma akwai waɗanda suka riga mu neman mafita. A ƙasar Malesiya, wadda damunarta da kurminta suke kama da namu na nan kudu, akwai ƙananan ƙabilu masu ilimin daji mai zurfi. Semai, mazauna tsaunukan Perak da Pahang, suna shafa ƙaron itacen ipoh a kan 'yan kibiyoyin da suke hurawa ta cikin gora su yi farauta, kamar yadda maharbanmu suke dafa ƙwanƙwani su shafa wa kibiya. Birnin Ipoh ma daga wannan itace ya samo suna. Kadazan-Dusun na jihar Sabah suna cin tuhau, wata cittar daji da suke yankawa su haɗa da barkono da ruwan tsami, kuma tsofaffin matan da ke jagorantar al'adunsu, waɗanda ake kira bobohizan, suna riƙe da ilimin saiwoyi irin su komburongo. Yawan waɗannan mata sai raguwa yake yi. Iban na jihar Sarawak suna rina zaren saƙarsu ta pua kumbu da saiwar engkudu don ja, da ganyen tarum don shuɗi, kamar yadda marinan Ƙofar Mata a Kano suke yi da baba. Su ma 'ya'yansu sun tafi birni, sun shiga makaranta, sun fara manta sunayen.

Wani abu da ya faru a Sarawak ya isa darasi. A 1987 masu bincike suka ɗebi ganye da reshen wani itace da ake kira bintangor a wani dajin fadama, aka aika Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka. Bayan 'yan shekaru aka gano yana ɗauke da wani sinadari, aka sa masa suna calanolide A, mai hana ƙwayar cutar ƙanjamau hayayyafa a ɗakin gwaji. Da aka koma neman itacen, sai aka tarar an sare shi. Aka yi ta nema, daga ƙarshe aka samu irinsa a lambun tsirrai na Singafo, inda aka shuka shi tun zamanin Turawan Ingila. Gwamnatin Sarawak ta farga. Ta kafa cibiyar kula da halittun jihar a 1998, sannan daga 2001 cibiyar ta fara shirin rubuta ilimin gargajiya. Abin da ya burge ni a shirin shi ne mutanen ƙauyen da kansu ake koya wa aikin: su ɗauki muryar tsofaffinsu, su ɗauki hoton tsiron, su busar da ganyensa su adana, su yi lambu a ƙauyen su shuka shi. Ilimin yana zama a hannun masu shi.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. A wannan shekara ta 1987 aka ɗebi wata igiyar daji a kurmin Korup, a yankin Kudu maso Yamma, ita ma aka samu sinadarin da ya yi tasiri a kan ƙwayar ƙanjamau a gwaji, kafin a dakatar da aikin saboda gubarsa ta yi yawa. Ga itacen pygeum na Dutsen Kamaru da tsaunukan Oku, wanda tun wajen 1970 ake ɓare ɓawonsa ana kaiwa Turai don maganin kumburin mafitsarar tsofaffin maza. An ɓare shi babu ƙaƙƙautawa har ya shiga jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 1995, kuma a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen na Kamaru na wasu shekaru. Na arewa ma ba su tsira ba. Madobiya ta shiga wannan jeri bayan an yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin, maɗaci ya bi ta a 2022. Ƙara da masu gawayi da masu itacen girki da gonakin da ke cinye daji. Buhunan nan da muke saukewa a tasha ba daga rijiya gaba dubu suke fitowa ba.

Akwai doka yanzu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce duk wanda zai ɗauki tsiron wata ƙasa ko ilimin mutanenta ya yi kasuwanci da shi, sai ya nemi izini kuma ya raba amfanin da su, kuma Kamaru ta yi tata dokar a kan haka a 2021. Amma doka ba ta san abin da ke cikin kan tsohuwa ba. Ranar da wani kamfani zai fito da maganin da aka samo daga sabara ko hano, wanda ya zo da rubutu da kwanan wata da sunan wanda ya faɗa, shi za a saurara. A Najeriya an ga yadda abin ke yiwuwa: maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta inganta, daga hannun wani mai maganin gargajiya ya fito, aka yi yarjejeniya da shi a rubuce. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke cikin kwallar kowace tsohuwa a unguwarmu.

Rubuta irin wannan ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. A nan gida, Sarkin Bamun Njoya ya sa an tattara magungunan mutanensa an rubuta da haruffan da shi ya ƙirƙiro a Fumban. Wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya bi ƙasar Hausa yana tambayar sunayen tsirrai, ya buga littafinsu a 1916, ya ƙara da wani babba a kan tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Har yau masana suna komawa gare su. Kuma ku duba: sunan da duniyar kimiyya ta san hano da shi, Boswellia dalzielii, sunan wannan Bature yake ɗauke da shi. Maharba da makiyaya da tsofaffin matan da suka nuna masa itacen, babu wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya riƙe alƙalami shi ya ci suna.

Na san abin da za a ce, don na sha jin sa a majalisa. Wasu za su ce wannan hanyar bokaye ce. A'a. Sanin cewa bagaruwa tana ɗaure ciki, ko zogale yana ƙara wa mai shayarwa ƙarfi, ilimin halittar Allah ne, kamar sanin cewa wuta tana ƙuna. Inda aka haɗa da kiran iskoki da yanka wa wanin Allah, wannan daban ne, kuma malamanmu sun isa su raba mana tsakani. Rubutun ma shi zai taimaka a tace, a ɗauki ganyen a bar surkullen.

Wasu kuma, musamman 'yan bokonmu, za su ce komawa baya ne. Su tuna cewa maganin zazzaɓin cizon sauron da ake ba mu a asibiti yau daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka ciro shi, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, a tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu ta samo bakin zaren, har ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Da kakanninta ba su rubuta ba, da ba ta samu abin karantawa ba.

Masu magani da wanzamai za su ce asirinsu ne, da shi suke ci. Wannan gaskiya ne, kuma ba na cewa kowa ya tona haɗinsa. Akwai ilimin kowa da kowa, irin wanda kowace kaka ta sani, shi za a fara da shi. Na gida kuma, mai shi ya rubuta ya ajiye wa 'ya'yansa, ko ya faɗa a ɗauka a waya a ba magajinsa. Dukanmu mun san tsohon da ya tafi da abin da ya sani saboda yana jiran ɗan da zai natsu, ɗan kuma yana kan mashin yana neman na cefane.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na ma'aikatan lafiya, masu tsoron kada mutane su ƙara nisantar asibiti. Tsoronsu yana da dalili. Sau nawa ake ta ɗura wa yaro jiƙo kwana huɗu, sai ya fara suma a kwashe shi a guje? Zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙaramin yaro ba ya jira, gwaji yake so da maganin asibiti a ranar. Mai ciki, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, kada su sha komai sai likita ya sani. Amma jahilci ne ke kawo wannan ganganci. Kundin da nake magana a kai, kowane shafi nasa dole ya ɗauki layin da ke cewa: ga wanda ba ya sha, ga alamar da in an gani a bar jiƙo a tafi asibiti. Uwar da ta karanta wannan ta fi wadda ke bin saƙon WhatsApp kariya.

To me za mu yi? Abin ba ya buƙatar miliyoyi. Littafin rubutu ne babba da waya mai kyamara. Kowane tsiro shafi ɗaya: sunansa da Hausa, da Fulatanci in an sani, da yaren Duwala ko Basa ko Ewondo ko na Bamileke, da Faransanci, hotonsa yana tsaye, da hoton ganye da ɓawo da 'ya'ya, inda yake fitowa, abin da ake yi da shi, ko ci, ko magani, ko rini, ko jima, ko asuwaki, haɗarinsa, sannan sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, in ya yarda. A manna busasshen ganye a gefe. Sunan kimiyya kuwa kada mu yi kame-kame, akwai ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa a Yawunde da malaman tsirrai da na harhaɗa magunguna a Jami'ar Duwala, aikinsu ke nan su tabbatar.

Masu aikin muna da su. Mu malamai, manhajar firamare ta ba mu darasin harsuna da al'adun ƙasa, kuma tun a makarantar horar da malamai aka koya mana cewa darasin kimiyya daga abin da yaro ke gani ake fara shi. Mu ba kowane ɗalibi aikin gida: ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a layinsu ya kawo tsiro ɗaya da labarinsa. Makarantun Islamiyya su yi haka ranar da ba a karatu. Ƙungiyoyin mata na adashi su ware rabin sa'a a zamansu, a gayyato ungozoma ta yi bayanin ganyen wankan jego da kayan kunun kanwa, wata ta rubuta. Direbobinmu da 'yan kasuwar shanu da ke hawa arewa kowane mako su ɗauko mana hoton kalgo da marke da taura da kanya a inda suke tsaye. Yaran da ake kaiwa ganin dangi a dogon hutu, a ce kowa ya dawo da itace biyar da ya taɓa da hannunsa. Sarakunanmu da masu unguwanni da kwamitocin masallatai su ba aikin wurin ajiya, don kada ya zama na mutum ɗaya ya ɓace da shi.

Shuka ma tana yiwuwa ko babu fili. Tsohon bokiti da rabin jarka da buhun siminti sun isa. Zogale yana yi a Duwala, haka shuwaka da ɗaɗɗoya da yakuwa da rama da citta, in dai an huda gindin mazubin ruwa ya riƙa fita. Bokiti goma a jikin bangon makaranta, kowanne da allonsa mai suna uku, sun fi zanen da ke cikin littafin da aka buga a Faransa. Makarantar da ta samu hali ta ɗauki 'yan aji shida zuwa lambun tsirrai na Limbe, wanda Jamusawa suka kafa a 1892. Tafiyar ba ta kai ta yini ba, a je a dawo kafin magariba.

Ranar 31 ga Agusta ta kowace shekara ita ce ranar maganin gargajiya ta Afirka. Ina ba da shawara mu sa ta zama wa'adinmu: kafin ta zagayo, kowace makaranta da kowace ƙungiya a New Bell ta kawo shafi ashirin, a haɗa, a karanta a gaban dattawan da suka bayar, su gyara inda aka yi kuskure. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin nan da suka taso a arewa suka tsufa a kurmi, suka san itacen can da na nan, ba su da yawa, kullum kuma sai mun raka wani makwancinsa. Wanda yake da irinsu a gida, ya ɗauki littafi da biro yau da daddare bayan isha'i ya je ya gaishe su. Allah ya ba mu ikon yi.